Kujerun Aro

Jiya na bi ta bayan kasuwar Kafanchan, inda mata ke zama suna tsaga citta, sai yajin ɗanyarta ya bugi hancina tun kafin in ƙaraso. Na tsaya ina lalube a jaka kamar na yar da wani abu. Ban yar da komai ba. Kakata ce ta faɗo mini a rai, ita da wasu kujeru uku masu jan kushin waɗanda ba namu ba. Shekaru sun ja, na yi aure na haifa, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bari dai in gaya muku, ko na rage nauyi.

A ƙauyenmu, can ta hanyar Kachia, citta ce komai. Da ruwan farko a shuka ta a lulluɓe da ciyawa, gab da Kirsimeti a tona, a tsaga, a baza kan duwatsu ta bushe. Mai hankali ba ya sayar da duka. Yana ware iri ya binne a rami ƙarƙashin inuwa, ya rufe da ganye, don kuɗin buhun iri ya fi ƙarfin talaka, wanda ya rasa iri kuwa ya rasa shekara. Mu uku ne a gida, ni da Kaka da ƙanena. Babanmu ya rasu, Mama tana aikatau a Kaduna, sai ƙarshen shekara muke ganinta. Ina aji biyu a sakandare muka buɗe raminmu na gindin mangwaro, muka tarar iri ya ruɓe gaba ɗaya. Kaka ta sa hannu ta damƙo, ruwa mai wari yana bin yatsunta. Ta mayar da ganyen ta rufe kamar akwai sauran abin adanawa.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na fi kowa Turanci a aji, kuma ba abin da na tsana kamar a san abin da muke ci a gida. Ƙawayena na makaranta ban taɓa bari sun rako ni har ƙofa ba, a mararraba nake sallamarsu. Ga talauci ga girman kai, na haɗa biyu.

Wata Lahadi bayan wa'azi Fasto ya yi sanarwa. Ya ce ranar Talata baƙi za su zo daga Kaduna, za su shiga gida-gida su yi tambayoyi. "Ku karɓe su da kyau," in ji shi, "kada ku ba mu kunya." Shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Sai daga baya muka ji cewa wata ƙungiyar tallafi ce ta kawo kuɗi don a raba irin citta da taki ga gidajen da suka fi kowa buƙata, kuma da gangan suka ɓoye dalilin zuwansu don kada mutane su yi talaucin ƙarya. Sun yi tunanin masu ƙaryar rashi. Ba su yi tunanin irina ba.

Aron kujera ba abin kunya ba ne a wajenmu. Biki ko rasuwa, kujerun unguwa duk gida ɗaya suke taruwa, baƙo kuma ba ya zama a ƙasa. Sai dai ni na wuce gona da iri. Maƙwabcinmu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, muna ce masa Baba Reluwe, shi kaɗai ke da falo a unguwar. Da sassafen Talata na je wurin matarsa na aro kujerun nan uku, na koma na ɗauko teburi, na sake komawa na ɗauko rediyo da labule, har da agogon bango wanda ya daina tafiya tun ban san kaina ba. Matar tana dariya tana miƙo mini. Kaka na zaune a kan turmi tana kallon ikon Allah.

"Kai yarinya," ta ce, "gwamna ne zai zo?"

Haka Hausarta take. Kaka ba ta san "ke" ba. Mace da namiji, Fasto da akuya, duk "kai" ne a bakinta. Na ce ta dai tashi ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci, na kuma sa kayan makaranta duk da ranar ba mu je ba.

Su biyu suka shigo da hantsi, wani mutum riƙe da takarda, da wata budurwa mai takalmi mai tsini, ƙamshinta ya cika ɗakin. Suka zauna a kan kushin. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi rediyo, ya dubi agogo, ya dubi labule, yana ta ɗiga biro a takardarsa. Rufin ciyawa kusan kowa na da shi a unguwar, saboda haka abin cikin ɗaki ne ma'auninsu. Yana tambaya da Hausar Kaduna mai sauri, Kaka tana amsawa da yarenmu, ni ina tsaye ina fassara.

Ya tambayi sau nawa ake cin abinci a gidan. Kaka ta ce sau ɗaya, gwate, ranar sa'a sau biyu. Na ce sau uku. Ya tambayi ko muna da irin da za mu shuka bana. Nan Kaka ta gyara zama, ta kama bakin siket ɗina, ta ce in gaya musu iri ya ruɓe, in kai su gindin mangwaro su gani da idonsu. Na buɗe baki ke nan sai budurwar ta dube ni ta yi murmushi, ta ce da Turanci kayan makarantata sun yi mini kyau. Wallahi iyakar abin da ta yi ke nan. Na ji bakina yana cewa:

"Ta ce mun gode wa Ubangiji, muna cikin rufin asiri."

Kaka tana jin Hausa sarai, da ita take ciniki a kasuwa. Ta saki siket ɗina ta dube ni. Amma mutanenmu ba sa ƙaryata ɗansu a gaban baƙo, don haka ta tashi ta kawo musu kunun acca na ɗan abin da ya rage a tukunya. Suka sha suka yaba, suka fita.

Daga gidanmu gidan Baba Reluwe suka shiga. Suka tarar da falo wayam, ba kujera, ba teburi, ba labule, sai ƙusa a bango. Ga tsoho zaune a kan tabarma da yagaggiyar singileti. Shi kuma mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya fara ba ka labarin gwiwarsa da rufin kwanonsa mai yoyo. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, halinsa ya yi.

Bayan mako uku aka karanta sunaye a coci. Aka kira Baba Reluwe, wasu suka yi gunaguni, wasu suka ƙunshe dariya. Aka kai ƙarshe ba sunan Kaka. A hanyar gida tana gaba ina baya, ina jira ta karyo tsumagiya, da ta yi hakan da na ji sauƙi. Sai da muka kai ƙofa ta juyo.

"Kai yarinya, ka rufa mana asiri da kyau," ta ce. "Har masu neman mu ba su gan mu ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Ubangiji.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙaryar Talata ba ce. Ranar da mota ta kawo buhunan iri, mutumin nan mai takarda yana tsaye a harabar coci, ga Fasto kusa da shi. Taku ashirin ne tsakanina da su. Da na je na ce kujerun aro ne, na tabbata da an duba. Na tsaya a bayan 'yan kallo ina shirya maganar a baki, na hango ƙawayena biyu, sai na juya. Baba Reluwe ya aiko wa Kaka kwando ɗaya daga rabonsa, Allah ya saka masa, amma abin da ya shuku bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Sauran gonar ta koma acca.

Tallafin kuwa ya yi aiki, kada wani ya ce muku ba ya yi. Da idona na ga gidajen da suka samu. Buhu biyu ya zama shida, shida ya zama abin da sai an kira mota ta ɗauka. Aka yi musu dandamalin siminti na shanya, cittarsu ta daina haɗuwa da yashi, farashinta ya tashi. Matan da na sani da zane ɗaya suka rufa ɗakunansu da kwano, 'ya'yansu suka wuce sakandare. Baba Reluwe da yake dama yana da ɗan ƙarfi sai ya ƙara gona, ya fara ɗaukar masu tsaga. Kakata tana cikinsu. Shekara da shekaru ta zauna a tsakar gidansa da 'yar wuƙa, ruwan citta yana shiga tsagar yatsunta, ta dawo da yamma ta shafa man kaɗe tana hura hannu. Da abin ya gagara a riƙe mu biyu a makaranta, ƙanena aka cire aka kai shi koyon gyaran babur a Kachia, aka ce ni ce mai ƙwaƙwalwa. Har yau bai san abin da na fassara ba. In ya karanta wannan zai sani, kuma duk abin da ya ce mini na ɗauka.

Ranar jana'izar Kaka aka tara kujerun unguwa kamar yadda aka saba. Masu jan kushin ɗin nan uku suna gaba, an ajiye wa dangi. A tsaye na yi addu'ar jana'izar har aka tashi.

Yanzu ina koyarwa a firamare, kuma in masu tallafi suka zo yankinmu sukan roƙe ni in raka su saboda yare. Sun zo da waya maimakon takarda, amma idonsu yana nan kan rediyo da labule. Nakan ce musu su zaga baya su leƙa rumbu da tukunya, wasu su ji, wasu su ce lokaci ya ƙure. A daminar da ta wuce muka shiga wani gida, ga kujeru a jere an shimfiɗa musu farin ƙyalle, ga wata yarinya tsaye cikin kayan makaranta, ta shirya tsaf za ta yi fassara. Ban zauna a kujerar ba. Na durƙusa a ƙasa kusa da kakarta, na gaishe ta da yarenmu, na tambaye ta iri. Tsohuwar ta kama hannuna ta kai ni bakin rami.

Da muka gama, yarinyar ta bi ni da harara kamar ta cinye ni ɗanye. Na bar ta ta harara son ranta. Na ce ta nuna mini gidan masu kujerun, na ɗauki biyu ta ɗauki ɗaya, muka mayar. Sunan kakarta ya shiga cikin masu samun tallafi. Tawa Kakar tana kwance a gindin mangwaro, taku uku daga ramin da ta ce in nuna wa baƙi.