Turakun Da Na Matsar A Gonar Baba Barau

Ranar Talata, biyar ga watan Rajab na shekarar 1347, wato tsakiyar Disamba 1928 a lissafin Turawa, Allah ya karɓi ran Baba Barau na Tsamiyar Dogo, wani ƙauye da ke kusa da Gagarawa, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Labarin ya iske ni a Gumel ranar Laraba da hantsi, an riga an kwana da rufe shi. Ban sami sallarsa ba, ban kuma sami damar neman gafararsa yana raye ba, alhali na fi kowa bukatar hakan.

Ni ne Sa'idu, malamin gona na ƙasar Gumel. Baba, shekara uku ke nan da na fara sallama a ƙofar gidanka. A lokacin ma'aikatar gona ta ƙulla yarjejeniya da Baitulmali da wani kamfanin sayen gyaɗa, Baitulmali ya ɗauki rabin ɗawainiya, kamfani ya ɗauki rabi, don a buɗe gonar gwaji inda za a riƙa koya wa manoma. Sharaɗin shi ne idan daminar farko ta yi kyau a ci gaba, idan ba ta yi ba kowa ya janye hannunsa. Na zaga ƙauye shida ina neman wanda zai ba da aron fili, kowa yana tsoron kada gonarsa ta zama ta hukuma. Kai ne ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Ɗan malam, ga fili nan gefen gonata. Amma ka cire takalman nan, ƙasa ba ta magana da mai takalmi."

Na zo koya maka noma, sai ga shi kai ne kake koya mini. Kai ka nuna mini yadda ake tura hannu cikin rairayi har gwiwar hannu a gane ko ruwan ya kai na shuka. Kai ka hana ni sare gawon da ke tsakiyar filin, ka ce in bari in ga abin da zai fito a ƙarƙashinsa. Duk ranar Asabar manoma na taruwa a gindin tsamiya, ni in buɗe littafi in yi ta zuba, su kuwa idonsu na kanka. In ka gyaɗa kai su yarda, in ka yi tari su san maganar ta littafi ce kawai. Ba ka taɓa ƙaryata ni a gabansu ba. Sai sun watse za ka ja ni gefe ka gyara mini, kana dariya.

Da kurkunu ya kwantar da ni a tsakiyar damina, a zaurenka na yi wata guda. Kowace safiya kai da kanka kake naɗe shi a jikin tsinke, kaɗan kaɗan don kada ya tsinke, Iya Laure matarka kuma ba ta taɓa fashin aiko mini da kunun tsamiya ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a zauren nan na ɗanɗana abin da masu uba suke ji.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci shekara biyu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Irin gyaɗar da aka aiko mana daga kudu manyan ƙwaya ne, gwanin sha'awa. Tun ranar da ka fasa guda ɗaya ka tauna ka ce mai dogon zango ce, ruwanmu zai ɗauke kafin ta ƙosa. Haka kuwa aka yi. Filin gwaji, wanda muka kewaye da turaku goma sha biyu masu farar ƙasa, ya yi ganye shar, amma in ka tuge sai ɓawo ba ƙwaya. Taka gyaɗar ta gado, 'yar ƙarama mai saurin nuna, tana gefe ta yi 'ya'ya har ƙasa na tsagewa. Ana cikin haka takarda ta zo cewa Baturen gona da wakilin kamfani za su zo duba aiki.

Na san ba za ka yi ƙarya ba, ko da za a yanka ka. Don haka na tura ka kasuwar Maigatari, wai ka zaɓo mana jakuna biyu na ɗibar taki, na ce ba wanda ya kai ka sanin jaki. Ka tafi da murna, don kana son a yaba maka sanin dabba. Kana ba da baya na cire turakun nan ɗaya bayan ɗaya na kafa su kewaye da gonarka. Baƙin suka zo, suka tuge gindi uku, suka ga 'ya'ya jingim. Wakilin kamfani ya ce ƙwayar ta yi ƙanana. Na ce ai haka sabon iri yake yi a shekarar farko kafin ya saba da ƙasa. Suka yi mini barka, suka hau dawakinsu. Kafin la'asar na mayar da kowane turke raminsa.

Na manta da wanda nake hulɗa da shi. Ka dawo da jakunanka, ka shiga gona, ka ga sawun dawaki a inda bai kamata ba, ka ga ramuka goma sha biyu da na cike da ƙafa. Ka same ni a zaure ka zauna. Can ka ce, "Ɗan malam, ashe turakun hukuma yawo suke yi in ba na nan?"

Na faɗi na kama ƙafarka. Na ce in aka janye tallafin nan shi ke nan, ba taron Asabar, ba rumbun iri da aka yi alkawari, ba rijiyar da ake shirin haƙawa. Duk gaskiya ne, amma ban faɗi babban dalilin ba, wato tsoron kada a sallame ni in koma gida da kunya. Ka ce, "Ba zan tona ka ba, ka ci abinci a ƙwaryata. Amma ka je ka faɗa musu da bakinka kafin ruwa ya sauka, tun ba a cuci bayin Allah ba." Na rantse zan je.

Ban je ba. Sau uku ina rubuta takardar ina yagawa. Yau in ce sai bayan salla, gobe in ce sai Bature ya dawo daga rangadi. Ina ta jan ƙafa har raƙuma suka iso da buhunan sabon iri, aka fara rabo daga Gagarawa har Sule Tankarkar da Maigatari. Mai shela yana zagaya kasuwanni yana cewa wannan shi ne irin da aka gwada a gonar Barau aka ga albarkarsa. Mutane ba su san Bature ba, ba su damu da ni ba. Sunanka suka ji suka karɓa.

Da tsufanka ka hau jaki ka bi ƙauyuka kana roƙon mutane kada su zuba duk gonarsu da shi, su raba biyu. Ba ka iya faɗin dalili ba tare da ka ambace ni ba, sai aka ce baƙin ciki kake yi, ka ci moriya kai kaɗai ba ka son wani ya ci. Da kaka ta zo aka tuge gyaɗa aka tarar da ɓawo, sai maganar ta juya. Aka ce ai shi ya sa Barau ya shuka tsohon irinsa, ya sani ya bari aka yaudari jama'a. Ilu maƙwabcinka, wanda kuka yi kaciya tare, ya sayar da bijiminsa ya ciyar da gida, kuma ya daina amsa sallamarka. Ina tsaye a kasuwar Gagarawa wani ya kira ka maci amana a gaban jama'a. Ka juyo ka dube ni. Ni kuwa na sunkuya ina taya albasar da ba na bukata. A ofis na ce ruwa ne ya ɗauke da wuri, aka yarda, aka ci gaba da ba ni albashina.

Abin da ka yi bayan wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da bazara ka buɗe rumbunka, ka raba irin gyaɗarka na gado ƙwarya ƙwarya ga duk wanda ya yi asara, har da wanda ya zage ka, ka bar wa gidanka abin da bai kai na rabin gona ba. Suka karɓa ba godiya, suna cewa bashin laifinsa yake biya. Gyaɗar da aka ci a ƙauyuka da dama a bana daga rumbunka ta fito.

Rabona da kai tun watan Safar. Na zo wucewa, na so in kewaye ta bayan gari, ka hango ni ka kira. Ka sa aka kawo mini fura, ka tambayi ƙafata ko kurkunun bai dawo ba. Da zan hau doki ka riƙe linzami ka ce, "Har yanzu ina jiranka, ɗan malam. Ba don ni ba, na kusa. Don ɗana Haladu, shi zai zauna da mutanen nan." Na ce in sha Allahu bayan girbi. An yi girbi, an kai amfani gida, ina Gumel ina lissafin ranar da ta dace.

Jiya na kai takarda ofis da hannuna, na bayyana komai, abin da za su yi da ni su yi. Wannan da nake rubutawa kuma zan karanta ta da bakina a ƙofar gidanka ranar sadakar bakwai, sa'an nan in karanta a kasuwar Gagarawa da ta Sule Tankarkar da ta Maigatari, duk inda mai shela ya kai sunanka. Na san na makara, kuma babu abin yabo a ciki.

Allah ya jiƙanka, Baba Barau. Allah ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya sa irin da ka rabar ya zama sadaka mai gudana. Allah ya sa wulaƙancin da ka sha saboda ni ya zama kaffara a gare ka, ni kuma kada ya kama ni da gwargwadon abin da na cancanta.

Iya Laure, ina yi miki ta'aziyya, Allah ya ba ki haƙuri. Ban san da wane ido zan dube ki ba bayan kunun da na sha a gidanki. Hannatu 'yar Baba, Allah ya ba ki dangana ke da 'ya'yanki. Malam Ilu, amininka bai cuce ka ba, in akwai sauran fushi a ranka, ga ni. Haladu, ka ɗaga kanka a cikin mutane. Mahaifinka bai yi wa kowa ƙarya ba, ni na yi, shi kuwa ya rufa mini asiri har ya koma ga Mahaliccinsa. Ban ce ku yafe mini yau ba. Ku dai bar ni in tsaya a bakin kabarinsa in yi masa addu'a.