Babban Yatsan Kawu Ɗanladi

Duk wanda ya san Kawu Ɗanladi na Gwiwa ya san babban yatsansa na dama. Da gardama ta taso sai ya ɗaga shi sama, ya zuba maka ido har ka yi shiru.

Abin ya samo asali ne lokacin da gwiwoyinsa suka ƙi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni kuma ya kai kotu a Kazaure ya dangwala mini takardar wakilci, in riƙa karɓo masa fanshonsa na tsohon mai gadin daji, da kuma takin da gwamnati ke rabawa. Kwana da kwanaki yana lallaɓa tawadar da ke yatsan kada ta goge.

"Wakili," in ji shi, "da wannan na naɗa ka, da shi zan tuɓe ka."

Wata shekara aka kira tantance 'yan fansho. Na je da takardata ina taƙama, ma'aikacin ya ce wakili ba ya rayuwa a madadin kowa, sai mai yatsa ya zo da kansa. Muka ɗauko Kawu a mota yana ta faɗa. Ya ɗora yatsa a na'ura, na'ura ta ƙi gane shi, don fartanya ta cinye zanen tas.

"Baba, ba ta gan ka ba," in ji ma'aikacin.

"Kai ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba."

"To rubuta. Ita a kai ta asibitin ido."

Rigimar gaske a kan taki aka yi ta. 'Ya'yansa suka same ni, suka ce tunda wuƙa da nama suna hannuna, in sayar da takin bana a saya masa magani, a ba da gonar aro. Gonar nan kuwa ita ce ransa. Na kai masa maganar a hankali. Yatsa ya tashi.

"Takardar nan cewa ta yi ka karɓo, ko cewa ta yi ka yi mini tunani?"

"Karɓowa ce, Kawu."

"To ƙafa na ara, ban ari kai ba."

A amalanken shanu muka kai shi gona. Yana kwance a kan buhun takin yana ba da umarni, mu da muke da gwiwoyi muna zubawa gindi-gindi, yana cewa hannunmu ya cika ɓarna. Maganin ma 'ya'yan ne suka saya, suna ƙunƙuni.

Bai ga girbi ba. Da na je ofis na sanar, ma'aikacin nan ya ce wakilci ya ƙare ranar da mai shi ya cika. Na fito na tsaya a bakin titi, wallahi sai hawaye. Bai taɓa tuɓe ni ba.

Geron ya yi kyau, da shi aka yi masa sadaka. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi littafinsa a wannan hannun na dama.