Ranar da Baba ya kira sunana

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa faɗin sunana ba. "Kai" yake ce mini. Da na bar masa gona na kama aikin gadi a Tiga, ya ce bai yafe ba. Shekara shida muna haka, sai ɓarin jikinsa ya shanye a kasuwar Tudun Wada, bakinsa ya mutu.

Likita a Kano ya rubuta wasu ƙananan ƙwayoyi. Ya ce maganin damuwa ne, ba na harshe ba, amma in zuciya ta yi sauƙi wani lokaci magana kan biyo baya. Ni dai yafiya nake nema kafin ƙasa ta rufe shi. Na dawo gida jinya, kullum da safe ni ke ba shi maganin da koko.

A mako na bakwai, da hantsi, ina riƙe da kofin, ya kira sunana sau uku, tar. Amma ba ni yake kallo ba, ƙofa yake kallo.

Na ce, "Baba, ga ni nan."

Ya ce wa ƙofar, "Shigo, na yafe maka."

Na waiwaya. Babu kowa, labule ma bai motsa ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, matsa ya zauna."

Na matsa kuwa.

Goggo, ƙanwarsa, ta ce tunda sunana ya kira, yafiyar tawa ce. Ita ba ta cikin ɗakin a lokacin.