Yu Warsi da Kwandon Gayyata

A ƙauyensu da ke kudancin gundumar Bantul, ba wanda ya taɓa jin muryar Yu Warsi, wato Yaya Warsi, ta wuce shingen gidanta. Tun tana 'yar shekara tara take zama gaban tukunyar kaki tana zanen batik, adon da ake yi wa yadi da narkakken kaki, aikin da ta gada wurin uwarta, har bayanta ya ɗan rankwafa tun ba ta kai hamsin ba. Ta aurar da 'yarta ta fari, ta binne iyayenta, kuma ba a taɓa yin biki ko rasuwa a layinsu ba tare da an gan ta a bayan gida tana yanka albasa ba. Mutane sun ɗauke ta irin matar da ba ta iya cewa a'a.

A watan Babbar Salla, lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura aure, ta buɗe gwangwanin biskit ɗin da take tara kuɗin gyaran rufi kafin damina. Ta tarar da kyauron roba da silalla biyu. Ba ɓarawo ne ya shiga ba. Kuɗin sun fita ne kaɗan-kaɗan, sigarin maigida, soyayyiyar ayabar yamma, mai kayan miya da ke zuwa a babur kowace safiya, sai kuma ambulan na gudummawar biki, guda bakwai a wata ɗaya.

Washegari ta ajiye wa mijinta Dalijo shayi, ta kira shi da Kang, wato yaya, yadda matan ƙauyen ke kiran mazajensu, ta ce, "Kang, daga yau kwana goma ba mai fitar da ko rupiya ɗaya a gidan nan. Shinkafa na nan, rogo na nan, kaji na yin ƙwai."

Dalijo, wanda ke aikin kafinta a bakin titi, ya dube ta ta saman kofi, ya kira ta da Dik, wato ƙanwa, kamar yadda ya saba. "Har da sigari, Dik?"

"Da shi na fara."

"To man babur fa?"

"Keken babanka yana bayan ɗaki. Kaji ne kawai ke hawansa."

Ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ta ɗaure jakar kuɗinta da tsumma ta cusa a ƙasan buhun shinkafa, sai ya tashi ya nemi famfon keke.

Kwana biyar suka ci ganyen rogo, da ɗanyen gwanda, da ƙwai. Dalijo ya ce saura kaɗan ya fara kuka irin na akuya. Kowace safiya mai kayan miya ya danna oda, mata su fito su kewaye babur ɗinsa, ita kuwa ta ci gaba da hura bakin alƙalamin kakinta. Maƙwabciyarta Yu Tumi, wadda ba abin da ke wuce mata a layin, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Yu, azumi kuke yi ne, ko dai Kang Dalijo ya yi laifi?"

"Ganye muke rage wa gona," in ji Warsi, ba ta ko ɗaga kai ba.

Rana ta shida ta kai zane gidan dillaliya. Da ta dawo sai ta ga ƙaramin kwandon gora a kan tebur, ba komai cikinsa sai ganyen ayaba mai maiƙo da ƙashin cinyar kaza. Dalijo yana zaune yana sakace.

"Daga gidan Bu Harjo ne," ya ce. "Ranar Lahadi za ta aurar da autarta."

Warsi ta zauna. Kowa ya san abin da kwandon nan yake nufi. Gidan da aka aika wa shinkafar biki dole ya je da ambulan, kuma idan da cinyar kaza a ciki, ba a zuwa da ambulan mai sirara. Lahadi kuwa ita ce rana ta tara.

"Ba ka ko jira ni ba."

"Kwana biyar ina cin ganye, Dik. Kazar ce ta kira ni da sunana." Da ya ga ba ta yi murmushi ba sai ya gyara zama. "Ambulan ai ba sayayya ba ce. Ki cire ta daga cikin dokar."

"Ita ta cinye rufin. In na cire ta, ganyen da muka ci ya tashi a banza."

"To mu saka ambulan ba komai ciki, ba suna. Wa zai sani? Ko ki kwanta ki ce ciwon kai."

"Ƙarya biyu ka kawo mini in zaɓa."

"Ki zaɓa kafin mutane su zaɓa miki suna. Nan aka haife mu, nan za a ɗauki gawarmu. Ki tuna su wa za su ɗauka."

Wannan maganar ta taɓa ta, domin gaskiya ce. Ta wuni tana zane hankalinta na wani wuri, har kaki ya ɗiga inda bai kamata ba.

Ranar Juma'a ta ɗaura zanenta ta tafi gidan Bu Harjo, wato Uwargida Harjo, ta bi ta bayan gida inda mata sun kai ashirin suna fere da yanka. Ta gaisa da uwar amarya cikin ladabi, ta yi godiyar kwando. Sannan, a gaban kowa, ta ce, "Bu, na zo in faɗa miki tun da wuri. Ranar Lahadi zan zo, amma ba zan zo da ambulan ba."

Wuƙaƙe suka tsaya. Bu Harjo, matar tsohon shugaban makaranta, ta yi murmushin da ba ya kaiwa ido. "Ai ba komai, Yu. Zuwanki ya wadatar."

Duk wadda ke wurin ta san cewa akwai komai.

"Na ji za ki ɗauko maza biyu daga ƙetaren rafi su tuƙa miki jenang," in ji Warsi. "Ki bar su. Ni da Kang Dalijo za mu tuƙa, kwakwar ma daga bishiyoyina za a sauko da ita."

Yu Tumi ta ce, "To fa. Mu ma da mun sani da ƙwanjinmu muka zuba a akwatin ambulan." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Bu Harjo ta daɗe tana kallonta. Jenang ba abin wasa ba ne. Garin shinkafa ne da madarar kwakwa da mazarƙwaila, a ƙaton kasko, a tuƙa shi awa goma ba tsayawa, kuma da shi dangin ango ke auna gidan amarya. "In ya kama ƙasa, Yu, har masallaci za a ji ƙaurinsa."

"In ya kama, ki aiko a kwashe kajina."

Asabar tun da aka idar da asuba aka hura wuta. Da farko ruwa-ruwa ne, muciyar da ta kai tsawon mutum tana yawo cikin sauƙi. Kafin hantsi ya yi nauyi, kafin azahar ya koma kamar ana jan saniya daga taɓo. Suna karɓeɓeniya da Dalijo, yana mita yana shan sigarin da masu biki ke ajiye wa ma'aikata, har ya ce wannan ce rana mafi daɗi a cikin goman. Tafin Warsi ya yi bororo, bororon ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Ta san za ta yi mako ba ta iya riƙe alƙalamin kaki ba. Bayan la'asar jenang ya saki kasko, baƙi, yana ƙyalli, ba ko ɗigon ƙauri.

Lahadi ta saka rigarta ta biki ta shiga ta ƙofar gaba. Akwatin ambulan yana bakin rumfa, kuma Yu Tumi aka sa tsaronsa. Ta ɗan turo shi gaba da yatsa.

"Nawa yana kan faranti," in ji Warsi. "Ki ɗanɗana."

Ta wuce, kanta a miƙe. Wurin gaisuwa Bu Harjo ta kama hannayenta biyu, ta ji tsumman, ta sassauta riƙon. "Uwar ango ta tambaya wa ya tuƙa," ta ce a hankali. Sannan ta juya ga baƙon da ke baya. Mata biyu da suka saba zama kusa da Warsi suka nemi wasu kujeru.

Kwana goma suka cika ba a kwance tsumman jakar ba. Mako na zagayowa aka tashi wani biki a ƙarshen layi. Warsi tana zaune a baranda ta ga masu rabon kwando sun shiga gidan Yu Tumi, sun fito, sun tsallake nata, sun shiga na gaba. Abin ya yi mata zafi fiye da yadda ta zata. 

Da safe ta wasa wuƙarta, ta naɗe ta a ƙyalle, ta nufi bayan gidan bikin. Mata na zaune a tabarma kewaye da tulin albasa. Hira ta ɗauke.

"An aiko miki ne, Yu?" in ji Yu Tumi.

"Ba a aiko ba. Matsa."

Yu Tumi ta dubi sauran. Sai ta ja kwanonta gefe, ta bar mata wurin da bai fi tafi biyu ba. Warsi ta zauna a nan, ta jawo albasa.