Zoben shokozoba da nauyin mahaifina

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam ɗin Bakolori ya hau gonakinmu na wajen Maradun, ƙanen mahaifina ya ba shi aron gona a Birnin Tudu, ƙasar Bakura. Ni ke da babur a gidan, don haka ni ke kai shi ranar Asabar, in koma ɗauko shi ranar Laraba.

Mahaifina ƙaton mutum ne. Da ya hau, sai bayan babur ya durƙusa, fitila ta kalli sama. Duk ramin da muka faɗa, taya sai ta gogi murfinta, ƙashin bayanmu ya amsa. Ni kuwa da wayona na yanke cewa babur ya gama yayi, har na fara cigiyar mai saye.

Wata Asabar muka tsaya Talata Mafara wurin wani abokina bakanike. Bayan ya durƙusa sun gaisa da Baba, na zayyana masa komai. Dariya ya yi. Ya ɗauko karan dawa ya auna daga tsakiyar taya zuwa sirdi, sannan ya ce mu hau, ya sake aunawa.

"Ka ga inda ya zauna? Sauran tafiyar da ta rage wa shokozoba ba ta kai yatsa biyu ba."

Ya nuna mini wani zobe mai matakai biyar a gindin sifirin ɗin shokozoba, ya murɗa shi daga na ɗaya zuwa na biyar.

"Ba tauri na ƙara mishi ba," in ji shi. "Na matse shi ne tun kafin ku hau, don kada ya nutse da yawa."

Ranar muka isa Birnin Tudu Baba yana ta hira a bayana, yana nuna mini gonakin mutane da haɓa, yana faɗin wanda ya makara da shuka.

Damina uku muna haka. A ta huɗu sai na lura babur ya fara tsalle da mu, kowace tsakuwa sai mun ji. Na zargi hanya, na zargi taya. Baba ne ya taɓa kafaɗata wata safiya.

"Tsaya, ɗana. Mai da zoben nan ƙasa. Ni ne na rage nauyi."

Na sauka na mai da shi na huɗu, ban iya kallon fuskarsa ba. Kafin kaka mun koma na uku. Daga nan tafiyarmu ta daina zama ta gona, ta koma ta asibiti. Tafiyar ƙarshe rawaninsa na kwance na ɗaure mu tare, don hannunsa ba ya iya riƙe ni. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Yanzu na tsufa, jikokina sun hana ni tuƙi. Abin da ke damuna har yau shi ne watannin da na ɓata ina zargin hanya, alhali mutumin yana bayana, ƙirjinsa a jikina. Da na sani da na riƙa rage gudu, in bar shi ya ƙarasa hirarsa. Sau da yawa muna isa ƙofar gona yana tsakiyar labari, sai ya ce, "Bari, ranar Laraba in ƙarasa maka." Akwai guda biyu da har yau ban san ƙarshensu ba.