Manyan Tayoyin Kawu Ladan

Ni na sa wa motar Kawu Ladan manyan tayoyi, kuma a cikinta ƙafata ta hagu ta karye gida biyu. Ni mai faci ne, ban yi boko ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Kun san motar. Ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ba rufi, gajeriya kamar kwanon wanki. Wani Bature da Kawu ya yi wa direba shi ya bar masa ita. Kullum da safe a Ƙofar Taramniya zai buɗe bonet ya goge inji da gefen rawaninsa. Ba makaniken da ya taɓa kwance ko noti ɗaya a injin nan. In ka kai hannu sai ya buge shi.

"Yadda Bature yab bar shi, haka za ni barin shi!"

Kuma kun san rowarsa a kan mai. Duk gangarar da ya samu, sai ya sa mota firi, ya kashe inji, ya bar ta tana gangarawa. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ba kyau." Ya ce, "Gangara kyautar Allah ce, Mamman. Kai kana mai da kyauta?"

Matsalar motar ɗaya: cikinta yana kusa da ƙasa. Duk tudun rage gudu da ke hanyar Arkilla, sai Kawu ya tsaya ya sauke wanda ya ɗauko, ya haye a hankali, sannan a sake shiga. Har liman ya sauke. Ranar da ya ce wa matarsa, Inna Hajo, ta sauka a tudu na huɗu, ta naɗe hannu.

"Wallahi ba ni sauka. In ta kankare, ta kankare."

Ta kankare kuwa. Kawu ya kwana uku bai ci tuwonta ba.

A rana ta huɗu sai ga shi a rumfata a Sabon Gari da tayoyin a-kori-kura guda huɗu a cikin keke mai ƙafa uku.

Na ce, "Kawu, sun yi mata girma. Injin ƙarami ne, birkin ƙarami ne. Babbar taya in ta ɗau gudu, wannan birki ba zai riƙe ta ba. A canja birki."

"Mi kac ce? Yau birki, gobe inji. Na san ku!"

"Allurar gudu ma ƙarya za ta riƙa yi maka. Za ta nuna kaɗan alhali kana gudu da yawa."

"Wagga allura ta girme ka. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ɗaura!"

Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni da ubana ya rasu. Na ɗaura. Sai da na bubbuge ƙarfen saman tayoyin da guduma kafin su samu wurin juyawa, shi kuwa ya juya baya yana salati. Da na gama ya ce in shiga mu gwada ta a hanyar fadama.

Tashin farko motar ta yi nauyi, inji yana nishi. Muka haye tudu biyu ba mu sauka ba. Kawu ya daki sitiyari.

"Ka gani? Ka gani, ɗan banza?"

Sai muka iso gangarar da ke sauka zuwa gonakin shinkafa. Na ga hannunsa ya nufi makulli.

"Kawu, kar ka kashe."

Ya kashe.

Shiru. Iska kawai da kukan taya. Motar ta fara sauri. Na dubi itatuwa, na dubi allura, ba su yarda da juna ba.

"Kawu, taka birki."

"Allura ta ce lahiya lau."

A ƙasan gangarar shanu ne suke tsallaka titi, sun cika shi baki da baki, wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka tana bayansu. Ya taka birki. Na ji wari, motar ba ta rage komai ba. Ya sake takawa da ƙafa biyu.

"Ta da inji ka sa giya!"

Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta ƙi. Hularsa ta tashi. Matar ta juyo ta tsaya cik, har ina ganin zanen da ke fuskarta. Ban taɓa jin Kawu ya yi ihu ba sai ranar.

"Riƙe, Mamman!"

Ya karya sitiyari dama. Taya ta cije ƙarfe, ta fashe. Muka bar titi, muka bi ta kan kunya, muka faɗa cikin shinkafar mutane ta gefen da nake.

Da na farfaɗo, laka har bakina, ƙafata ta juya inda ba a juyawa. Matar tana tsaye a titi, nononta ko ɗigo bai zube ba. Kawu kuwa, jini a goshi, ya buɗe bonet yana leƙe.

"Mamman! Kana da rai?"

"Ina da."

"Alhamdu lillahi. Injin ma ba abin da yas same shi."

Manoman da suka ciro ni sai da suka ajiye ni suka yi dariya.

Amma ga abin da ba ku sani ba. Kwana arba'in na yi a gidan maɗori, kullum Kawu yana zuwa a ƙasa, da furarsa a ƙwarya, shi da bai taɓa saya wa kowa goro ba. Sai ya zauna yana kallon ƙafar. Ranar da aka kwance karan ɗori ya ajiye mini makullin motar a kan tabarma.

"Kai kah hwaɗi gaskiya. Mai da mata nata."

Bai sake tuƙi ba har ya rasu bara. Allah ya jiƙan Kawu Ladan, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi, ya yafe masa kamar yadda na yafe.

Ina nan rumfata a Sabon Gari, ina faci a zaune. Motar tana bayana da ƙananan tayoyinta. Da safe nakan goge injin. Ban bar kowa ya taɓa shi ba.