Dokin da ya san guɗata

Autata tana da shekara goma sha uku ta ce hawan doki take so ta koya. Na ce doki? Duk wasannin da ke Greensboro, nan Amurka? Babanta ya ce a bar ta. Shi ya ce a bar ta, amma ni na koma direba, duk Asabar sai na kai ta Summerfield, gonar wata baturiya mai koyar da hawa, in zauna a mota ina shaƙar warin kashin doki.

Bayan shekara guda malamar ta ce ta isa shiga gasa. A mota yarinyar ta yi min karatun dokokin, ita da Turanci, ni ina amsawa da Hausa, kamar kullum. Ba tsere ba ne, ba tsalle. Irin dawakan nan ne masu tafiya sumul, ba sa jijjiga mahayi. Alƙali zai tsaya a tsakiyar fili yana kallo: a ce tafiya a hankali, a ce a ƙara sauri, a ce a juya. Dokin ya riƙa gyaɗa kai daidai da takunsa, linzami a sake, kada ya koma sassarfa, kada ya firgita. A ƙarshe a jeru, kowa ya tsaya cak, sannan ya ja da baya. Wanda ya fi natsuwa shi ke da nasara.

Na ce, “Wato gasar ladabi ce. To ke wa ya kai ki?”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Mama, abu ɗaya nake roƙo. Ranar, ban da guɗa.”

Wallahi maganar ta soke ni. Ni ce fa duk bikin da za a yi a garin nan, suna ko aure, sai an bugo min waya, don babu mai rangaɗa ta kamar ni. Ranar da yayanta ya gama sakandare na yi, har shugaban makarantar ya juyo. Ashe abin da nake taƙama da shi, ita kunya yake ba ta. Na ce, “Na ji. In kin ga dama ma in zauna a gida.” Ta ce a’a, in zo, amma in yi shiru. Sati uku ina jin zafin abin a raina, ban gaya wa kowa ba.

Ranar gasa na sa leshina mai ruwan goro, na zauna a benci cikin iyaye masu wandon jins. Fili tsit, sai takun kofato. Dawakai bakwai suka shigo, ga ’yata a kan jan dokinta, bayanta a miƙe, hannunta ko motsi. Zagayen farko na danne bakina da mayafi. Na biyu na kama salati. Da aka ce a ƙara sauri, dokin ya miƙe ƙafa, kansa na gyaɗawa, ita kuwa tana tafe kamar tana zaune a kujerar falo. Ta zo daidai gabana, na ga alƙali ya bi ta da ido ya yi rubutu.

Ban san lokacin da hannuna ya kai hanci ba. Ayyururui! Har tsuntsayen da ke kan rufin rumfarmu sai da suka tashi.

Farin dokin da ke bayanta ya zabura gefe, ya ɓalle da sassarfa, yarinyar da ke kansa da ƙyar ta tare shi. Duk bencin suka juyo. Alƙali ya ɗago hularsa ya kalle ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na ɓata mata shekara guda, kuma ta yi gaskiya da take jin kunyata. Amma jan dokin? Kunne ɗaya kawai ya karkaɗa, ya ci gaba da tafiyarsa.

’Yata ta zo ta biyu, aka ɗaura wa dokin jan ƙyallen yabo. Ban iya ko tafi ba. Na fara zuwa wajen uwar mai farin doki na ba ta haƙuri da duk Turancin da na mallaka, ta amsa a daƙile, kuma ban ga laifinta ba. Sannan na ja ƙafa zuwa barga.

Na samu ’yata tana kwance sirdi, malamar na gefe tana ƙunshe dariya. Na ce, “Auta, ki yafe min. Na karya alkawari.”

Sai ta zaro waya daga aljihu ta danna. Sai ga muryata, guɗar da na yi a wani suna a East Greensboro, tana tashi a cikin barga. Dokin ko ɗago kai daga ciyawa bai yi ba. Malamar ta ce sati uku ke nan kullum sai an kunna masa, da ƙarfi, har sauran dawakan gonar sun haddace.

Na juya ga ’yata na ce, “To me ya sa kika ce in yi shiru?”

Ta ce don dawakan mutane, su ba su san ni ba. Sai kuma ta juya harshe zuwa Hausarta mai ɗingishi, wadda sai a yi wata ban ji ta ba.

“Na san ba za ki iya ba, Mama. Kuma ina so ki zo. Shi ya sa na koya masa ke.”

Nan na zauna a kan damin ciyawa da leshina, na yi kuka sosai. Dokin ya miƙo kai yana shinshinar mayafina, na ƙyale shi.